Zuwa ga abokan cinikinmu: ba kowace ɓarnar katako ce ta gara ba

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan uwa kafintoci, magina da masu gidaje.

Daga wannan damina, duk katakon da aka sauke mana daga kudu, musamman obeche, sai mun gwada shi kafin ya bar shagonmu na Birnin Kebbi. Hakan zai jinkirta kayan wasunku, shi ya sa muka ga haƙƙinku ne ku ji dalili.

Katako na lalacewa sai a ce gara ce. Sau da yawa kuwa funfuna ce mai cin itace ta ciki. Wata ta mayar da shi ruwan ƙasa, ya tsattsage, ya marmashe a hannu. Wata ta bar shi fari-fari, lakwas, sai zare-zare. Abin da ke ɗaga mana hankali, kafin ido ya ga komai ƙarfin katakon ya riga ya ragu ƙwarai. Kafinta ya buga ƙusa lafiya lau, bayan damina biyu rufi ya lotsa a kan iyalin mutum.

Mu a shago muna auna danshi da mita, domin funfunar ba ta samun wurin zama a katakon da danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Wanda ya haura, ko ya sauya launi, mu gutsuro mu aika ɗakin gwaje-gwaje.

A can sukan tsaftace guntun, su yanko daga cikinsa su ɗora a ɗan faranti mai abincin tsirar da funfuna, a rufe a ɗumin digiri 25 ko kusa da haka. In tana raye za ta fito da farin zare, amma sai an yi haƙurin mako ɗaya zuwa biyu. Sukan kuma fere shi siriri, su rina, su duba da madubin likita, su ga zaren da hujojin da ya yi. Akwai gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) mai faɗin ainihin nau'in funfunar cikin 'yan kwanaki. Yana da tsada, don haka sai a babban aiki za mu nema.

Roƙonmu, kada ku jibge katako a ƙasa ko ku naɗe shi da leda yana jiƙe. Yawancin maganin ƙwari da ake fesa wa gara ba ya kashe funfuna. Mai shakkar katakon rufinsa, ko ba a wajenmu ya saya ba, ya kawo guntu mu auna masa kyauta.

Allah ya bar zumunci.

Naku,
Masu shagon katako, Birnin Kebbi