Barka da Sallah daga bakin Kogin Tenesi

Baba,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah. Ina fata an sauko idi lafiya, Allah ya karɓi ibadarmu, ya maimaita mana. A gaishe min da Inna da Gwaggo da duk mutanen gida. Goron Sallar yara na turo ta hannun Yaya tun shekaranjiya, a raba har da na maƙwabta.

Mu a nan birnin Catanuga na Amurka cikin zaure muka yi idi, kowa da rigar sanyi a kan babbar riga. Ba doki, ba kalangu, wasu ma daga masallaci wurin aiki suka wuce. Amma abin da na ci Sallah da shi zai ba ku dariya: kifi ne, kuma kamun hannuna.

Kun tuna kuna cewa boko ya raba ni da ruwa? To, mako guda kafin a ga watan azumi wani abokin aikina ya ja ni kamun kifi ƙasan madatsar ruwa ta Nikajak da ke Kogin Tenesi. Wuta take samarwa kamar Kainji. Sai da na sayi takardar izini tukuna, don a nan ko fatsa ba a jefawa sai da ita. Mun isa da hantsi, sanyi har cikin ƙashi, yatsuna sun ƙi ɗaura ƙugiya.

Akwai wani kifi nasu mai farin jiki da ƙusumbi a baya, suna ce masa drum, wato ganga. Lokacin zuba ƙwai, idan ruwa ya yi ɗumi, namijin yana kaɗa jakar iskar cikinsa ta riƙa gurnani. Da aka faɗa min haka kurungu ya faɗo min a rai. Da hunturu kuwa shiru yake. Sai su taru a gurbi mai zurfi su lafe a ƙasa, ba sa bin abinci da gudu. Dole ka sa dalma mai nauyi, ka soka tana ko yankan ƙaramin kifi, ka bar ƙoton ya kwanta can ƙasa inda ruwa ya rage ƙarfi. Cizon nasa ma ba fizga ba ce, nauyi kawai za ka ji kamar ƙugiya ta kama ciyawa. Sau biyu ina sakaci. A na uku na tuna yadda kuke ɗora zare a kan yatsa a Yawuri ku rufe ido. Haka na yi, Baba. Kilo 7 ya yi a ma'auni.

Ina cikin murna abokina ya ce a wannan tafkin na Nikajak aka kama mafi girmansa a duniya, a 1972, kusan kilo 25. Na ce masa gidanmu ana fito da giwan ruwa, ya yi min shiru.

Abin da ya ɗaure min kai, yawancinsu sun raina kifin nan. Suna kamawa su mayar, wai ba na ci ba ne. Ni dai na ce rashin iya girki ne. Na yanke jan naman da ke gefe, na ajiye rabi a ƙanƙara, yau na yi farfesu da yajin da Inna ta ƙullo min. 'Yan Nijar biyu da muke gida ɗaya ko romo ba su rage ba.

A maƙogwaronsa akwai haƙora kamar dutsen niƙa, da su yake fasa kawa. A cikin kansa kuma na ciro fararen duwatsu biyu masu santsi kamar hauren giwa. Mutanen nan duwatsun sa'a suke kiransu, ni ban ɗauki wannan ba, kyau kawai suka yi min. Na naɗe su a takarda, duk wanda zai taho gida bayan Sallah zan ba shi ya kawo muku. Ku nuna wa Kawu, shi da ya rantse ko tarwaɗar kududdufi ba zan iya kamawa ba.

A ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku,
Auta