A raba malamai bisa yawan ɗalibai

Ya Edita,

Ina neman fili in yi tsokaci kan dokar ta-ɓaci da gwamnatin Kano ta ayyana a fannin ilimi a 2024. Gyaran azuzuwa abin a yaba ne, amma inda gizo ke saƙar shi ne rabon malamai.

Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A unguwannin bayan gari da suka tumbatsa kuwa, yara na zaune a ƙasa har bakin ƙofa, malami ko duba littattafansu ba ya iya gamawa. Wanda aka tura can, da ya samu hanya sai ya nemi canjin wuri.

Ya kamata hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB, ta riƙa wallafa adadin ɗalibai da malaman kowace makaranta duk zango, ta tura sabbin ɗauka inda giɓin ya fi yawa, da alawus na mota, kuma kada a sauya musu wuri kafin shekara 3.

Naku,
Mai karatu daga Kano