Dan Allah A Daina Jera Tebur Da Maɓallin Space

Assalamu alaikum Malam Edita. Dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da mutane ke raina wa amma yana ɓata aiki ba kaɗan ba, wato yadda ake saka tebur da hoto a takardar da aka buga a kwamfuta ko waya. Aikina kenan, kullum fayil na biyowa ta hannuna, na ɗalibai masu rubuta firojet, na ma'aikata masu rahoto, na masu neman aiki, kuma wlh matsala iri ɗaya ce ke ta dawowa.

Mutum yana so ya jera sunaye da lambobi, maimakon ya saka tebur sai ya rubuta suna ya yi ta danna space har lambar ta kai inda yake so, ya sauko layi na gaba ya sake haka. A nasa allon abin ya miƙe tsaf. To amma haruffa ba faɗinsu ɗaya ba, m ta fi i faɗi nesa ba kusa ba, da zarar an buɗe fayil ɗin a wata na'urar da ba ta da irin salon rubutun da ya yi amfani da shi, ko girman takarda ya canza daga A4, shikenan sai layi ya karye ka ga lambar wannan ta sauko gaban sunan wancan. In makin jarrabawa ne ko lissafin albashi fa? Haƙƙin mutane ne ya cakuɗe. Duk mai son ya gani da idonsa ya buɗe irin takardar a Word ya danna Ctrl da Shift da 8 tare, zai ga ɗigo-ɗigo sun cika shafi, kowane ɗigo space ɗaya ne da aka danna.

Alhali tebur na gaske ko minti ɗaya ba ya ci. Ka shiga Insert ka taɓa Table ka zaɓi yawan layukan tsaye da na kwance, kana gama rubutu a gida ɗaya ka danna Tab ya kai ka na gaba, in ka kai gidan ƙarshe ka sake dannawa shi da kansa zai ƙara maka sabon layi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne dogon tebur mai cin shafi uku ko huɗu, kanun yana shafin farko kawai, mai karatu ya kai shafi na uku bai san lambar da yake kallo ta mece ce ba sai ya yi ta komawa baya. Wasu kuma su sake buga kanun da hannu a tsakiyar teburin, ana ƙara suna ɗaya a sama komai ya goce. Akwai Repeat Header Rows a Word, ka zaɓi layin farko ka danna shi sau ɗaya, kanun zai riƙa fitowa a saman kowane shafi da kansa. Google Docs ma yana da irinsa.

Sai hoto, nan ne mutane ke cewa wai Word na da taurin kai. Ba taurin kai ba ne, in ka saka hoto Word yana ɗaukarsa ne a matsayin ƙaton harafi a cikin layi, shi ya sa ba ya jawuwa inda kake so. Ka taɓa hoton ka shiga Wrap Text, in kana so rubutu ya zagaye shi ka zaɓi Square, in sama da ƙasa kawai kake so akwai Top and Bottom. Amma ni a ra'ayina in takardar mai tsawo ce gara a bar shi a cikin layin, a ba shi sakin layinsa shi kaɗai a tsakiya, ya fi zaman lafiya, sbd hoton da ke yawo a ɗaure yake da wani sakin layi kuma in wannan ya matsa shi ma binsa zai yi. Kuma dan Allah in za a rage ko a ƙara girman hoto a ja shi ta kusurwa, ba ta gefe ba. Na sha ganin takardar neman aiki da fuskar mai ita ta baje ko ta tsuke, kuma shi ne abu na farko da mai ɗaukar aiki zai fara kallo. Tura hoto sabon shafi ma ba sai an yi ta dukan Enter ba, Ctrl da Enter sun wadatar. Ɗalibai kuma su riƙa amfani da Insert Caption da ke ƙarƙashin References wajen sa wa hoto da tebur lamba, manhajar ce za ta lissafa, har jerin hotunan na farkon firojet za ta iya fitar musu.

Akwai wani abu da da yawa ba su sani ba kuma yana da haɗari. In ka yanke gefen hoto da Crop a cikin Word ɓoye shi kawai aka yi, wanda ka tura wa fayil ɗin zai iya dawo da shi. Mutum ya ɗauki sikirinshot ya yanke inda lambar asusunsa ko hirarsa take yana ganin ya tsira, alhali tana nan. Fayil ɗin docx da aka fara tun Office 2007 asalinsa ƙunshin zip ne, hotunan na zaune a ciki yadda aka saka su. Maganin shi ne Compress Pictures, a sa alama a wajen goge ɓangaren da aka yanke, a nan kuma za a iya rage nauyin hoton a zaɓi 150 ppi, wato ma'aunin kaifin hoto, fayil ya yi sauƙin turawa ta imel.

Sannan 'yan uwanmu makafi. Suna karanta takardu da manhajoji irin su NVDA da JAWS masu karanto rubutu da murya, to wanda ya ɗauki hoton tebur daga Excel ya manna ya rufe musu ƙofa ne, domin manhajar ba ta karanto lambobin da ke ciki kai tsaye, hoto kawai za ta ce. A kwafo teburin kansa mana. Hoto kuma a rubuta masa ɗan bayani a Alt Text, wanda shi manhajar za ta karanto musu, jimla ɗaya ta isa.

In an gama komai kuma ba gyara ake so mai karɓa ya yi ba, a mayar da fayil ɗin PDF kafin a tura, a buɗe a duba shafi-shafi.

Roƙona Malam Edita shi ne ku ware ɗan gurbi ko da sau ɗaya ne a mako a riƙa koyar da irin waɗannan da Hausa, da hoton allo mataki-mataki, har da na WPS, wato manhajar rubutu irin Word, tunda da yawa yanzu a waya suke bugawa ba su da kwamfuta. Malaman kwamfuta ma dan Allah su sa wannan a darasin farko-farko, kada a tsaya a koyar da sauri wajen bugu kawai.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku mai karatu a kullum.