Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Cikin Gida: a bar talaka ya biya tara da guminsa

Ranka ya daɗe, barka da aiki.

Ban manta watan Nuwamban 2023 ba, lokacin da ka je gidan yarin Kuje da ke Abuja ka ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 da aka biya wa tara da naira miliyan 585 da aka tattaro daga kamfanoni da masu hannu da shuni. Mun yi tafi, mun sa albarka. To amma yallaɓai washegari fa? Kotu ba ta daina zama ba, alƙali bai daina cewa tara ko wata shida ba, mai kuɗi ya zaro ya biya ya koma gida, wanda ba shi da ko sisi a tisa ƙeyarsa cikin mota, alhali laifinsu ɗaya, kuma gwamnati ce za ta ciyar da shi wata shidan nan, wani lokacin ma abin da za a kashe masa ya fi tarar.

Abin haushin kuma dokar na nan fa. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ba alƙali dama ya yanke wa mai ƙaramin laifi aikin yi wa al'umma hidima, har ta ce a buɗe cibiyoyin da za su kula da hakan. Ta 2019 kuma, wadda ta mayar da gidan yari gidan gyaran hali, hukumar da ke ƙarƙashinka ta ɗora wa sa ido a kan aikin. Suna kam ya canza, an sake allo, madalla.

Amma wane alƙali ne zai ce mutum ya je sharar asibiti ko yashe kwata in bai san wanda zai kira sunansa da safe ya ƙirga masa awanni ba? Shi ya sa suke gwammace su tura shi ciki. Kenya tun 1998 take da dokarta, mu har yanzu sai jefi-jefi.

Na san yanke hukunci ba naka ba ne, na alƙalai ne. Amma ma'aikatan sa ido naka ne. Don Allah a ɗauke su da yawa, a ba su kuɗin zirga-zirga, ka zauna da manyan jojin jihohi a tsayar da tarar nawa ce daidai da aikin awa nawa. Maganar masu jiran shari'a kuma sai wani jiƙon.

Naka,
Wani ɗan ƙasa