Kada yaro ya ƙare ƙuruciyarsa yana jiran gurbin likitanci

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu don in ja hankalin iyaye da matasa kan wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro zai ɗora rai a kan karatun likita, ya zana JAMB, gurbi bai samu ba, ya sake zanawa, har shekara uku ko huɗu ta wuce yana zaune a gida, iyaye kuma suna ta cewa a ƙara gwadawa.

Ya kamata a fara sanin dalilin da ya sa gurbin yake wuya. Majalisar da ke kula da aikin likitanci, wato MDCN, ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Saboda haka ko yaro ya ci maki mai kyau cikin 400, idan waɗanda suka fi shi sun cike kujerun, shi ke nan. Sakamakon kuma na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi don baɗi.

Sai lissafin shekaru. Likitanci shekara 6 ne idan komai ya tafi daidai, alhali yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya cinye kusan wata tara a 2020 da wata takwas a 2022. Wanda ya gama sakandare yana da shekara 19, ya ɓata huɗu yana jira, zai kammala ne dab da 30, kuma duk wanda ya haura 30 kafin ya kammala, takardar yafewa NYSC za ta ba shi, ba zai yi hidimar ƙasa ba.

Shawarata ita ce gida ya zauna ya yanke iyaka: gwaji biyu, kuma tun a na biyun a buɗe wata ƙofa. JAMB ta yarda a canza kwas ko makaranta bayan sakamako ya fito, don haka ana iya komawa aikin jinya, ko gwaje-gwajen asibiti, ko ɗaukar hoton majinyata, duk da cewa su ma akwai cunkoso. Akwai IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye idan makinsa ya isa. Akwai difloma ta ND, shekara 2, sai shekara ɗaya ta koyon aiki, sai babbar difloma ta HND shekara 2. Mai son aikin asibiti da gaske kuma yana iya yin CHEW, wato karatun ma'aikacin lafiyar al'umma, shekara 3, a kwalejin kimiyyar lafiya, ya fara aiki sannan ya ci gaba da karatu daga baya.

Amma a kula da tarkuna. Ana yawan cewa yaro ya karɓi kowane kwas na kimiyya, idan ya shiga aji biyu sai ya koma likitanci. Ba kasafai hakan ke yiwuwa ba, domin ƙayyadadden adadin nan yana nan daram. Idan zai karɓi kwas, ya karɓi wanda zai iya rayuwa da shi. Sannan kafin a biya ko sisi a makarantar jinya ko ta lafiya mai zaman kanta, a bincika ko hukumar da ke ba da lasisin wannan sana'a ta amince da ita. Takardar da ba a iya neman lasisi da ita, ado ce kawai a bango. Haka kuma duk gurbin jami'a ko kwaleji da bai biyo ta CAPS ba, wato manhajar da JAMB ke ba da gurbi ta cikinta, wahalarsa tana jiran yaro a ranar da za a tura sunansa hidimar ƙasa. A tabbata suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a NIN da WAEC ko NECO da JAMB, kuma akwai kiredit biyar har da Turanci da Lissafi.

Yanayi ma yana sauyawa. Uba yakan rasu, kasuwa ta karye, ko aure ya zo wa yarinya tana tsakiyar karatu. Wanda hakan ya sama kada ya ɓace daga makaranta shiru, domin korarsa za a yi. Ya rubuta takardar neman jinkirta karatu ta hannun shugaban sashensa, ya riƙe kwafin amsar. Idan kuɗin makaranta ne matsalar, tun 2024 akwai asusun NELFUND mai ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance babu ruwa.

Kirana ga shugabannin sakandare shi ne su tara ɗalibai da iyayensu tun kafin a raba su zuwa ajin kimiyya ko na fasaha, a gayyato ma'aikacin jinya da mai gwajin jini da injiniya su bayyana musu darussan da kowace sana'a take buƙata da shekarun da take ci.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Wani malami mai ba ɗalibai shawara,
Zariya.