Kafin a ɗora tanti a kan rufin bayan mota

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin 'yan'uwa masu Hilux a Legas da ke sayen rufin bayan mota don ɗora tantin kwana. Kafin a yi ciniki, a kasuwar kayan mota ta Ladipo ne ko wani wuri, a tambayi nauyi iri biyu: wanda rufin ke ɗauka mota na tafiya, da wanda yake ɗauka tana tsaye. Na farkon shi ne abin dubawa, domin tanti yakan kai kilo 50 zuwa 80, ban da sandunan da yake zaune a kai, kuma duk ramin da taya ta faɗa sai nauyin ya buga rufin da ƙarfi.

Rufin faiba marar ƙarfe a ciki yakan tsage daga ramukan noti. Gara na alminiyom, ko faiba mai firam da ke sauke nauyi a gefen bodi. A sake matse notuna bayan tafiyar farko. Iskar teku na cin ƙarfe, don haka a sa noti marar tsatsa, a toshe ramukan da silikon kafin damina. A kuma auna sabon tsayin motar, kada get ɗin gida ya kwashe tantin.

Naku,
Wani makaniki, Agege, Legas