Mutumina, sukarin ya fara sauka

Garwa, Kamaru, daren Alhamis

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Na san ka yi fushi. Saƙonka uku na gani a waya, na ƙarshen har sau biyu na saurara, wanda kake tambaya ko an naɗa ni gwamnan Arewa ne shi ya sa ba a samuna. Wallahi ba girman kai ba ne. Wata huɗu ke nan ina ɗauke da maganar da bakina ya kasa furtawa a waya, sai yau da na dawo daga asibiti da farin ciki na ce sai na zauna na rubuta maka da hannuna. 

Ciwon sukari ya kama ni. Kada gabanka ya faɗi, karanta har ƙarshe.

A cikin Afrilu abin ya bayyana. Ka san zafin Garwa a wannan watan, rana ta haura 40, kowa na shan ruwa kamar raƙumi, to wa zai zargi ƙishirwa? Ni dai na ga ina kwankwaɗar ruwa ba ya kai mini ko'ina, da dare in tashi fitsari sau biyar, sau shida. Wandunana suka fara zamewa. Ranar da na tsorata ita ce ranar da wata mata ta miƙo mini kuɗin atamfa a shago, na ɗaga takardar na kasa bambance jaka biyu ce ko jaka biyar, idona ya yi dishi-dishi. Uwar yara ce ta matsa sai na je an duba jinina, domin ta ga kiyashi sun yi layi a makewayi inda nake tsuguno. Aka ce in zo da safe ban ci komai ba. Na'ura ta nuna 2.40. Likita ya ce mai lafiya in ya kwana bai ci ba, nasa ba ya wuce wajen 1.00 zuwa 1.10, kuma daga 1.26 zuwa sama, in an maimaita an sake samun haka, to ciwon ya tabbata. Mu nan da giram a lita ake lissafi irin na Faransa. Ku a Kano za ka ga an rubuta 126, wasu wuraren kuma 7.0, duk magana ɗaya ce.

Ina zaune a kan bencin nan, ba abin da ya faɗo mini a rai sai ƙafar Baffa. Kana nan ai lokacin. 'Yar ƙusa ce ya taka a rumfa bai ko ji ba, sai da wari ya tashi. Mu muka riƙe shi ranar da aka dawo da shi gida da ƙafa ɗaya. A lokacin kowa da abin da yake faɗa, wasu sammu, wasu daji, ba wanda ya zaunar da mu ya ce sukari ne ya kashe masa jijiyoyin ƙafa har ya daina jin zafi. Sati biyu na yi ba na barcin kirki. Allah ya jiƙan Baffa, ya sa jinyar ta zame masa kaffara.

Abin da ya dawo da ni hayyacina wata ma'aikaciyar jinya ce, dattijuwa, Bafulatana, da ta ga na zauna zugum ta tambaye ni sana'ata. Na ce ɗan kasuwa ne. Ta ce to ka buɗe wa jikinka littafi kamar yadda kake buɗe wa masu bashi. Ta yi mini bayanin da na gane. Duk abin da muke ci mai gari, tuwo ne, shinkafa ce, burodi ne, rogo ne, ciki yana narkar da shi ya koma sukari ya shiga jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi, pankiriyas, ita ke fitar da insulin, shi kuma aikinsa ya kwashe sukarin daga jini ya shigar da shi tsoka da hanta. Ni na ɗauke shi kamar ranar da tirela ta sauke diloli a bakin kasuwa: 'yan dako suna nan amma sun yi kaɗan, masu sito kuma suna jan ƙafa wajen buɗe ƙofa, sai kaya su tare hanya. In sukarin ya haura wajen 1.80 ƙoda ta fara zubar da shi cikin fitsari, yana tafiya yana jan ruwa. Ka ga inda ƙishirwar ta fito, ka ga abin da ya kira kiyashi.

Na sayi 'yar na'urar awo, na ɗauko sabon littafi irin mai jan bango da muke rubuta bashi. Kullum in na dawo daga sallar asuba sai in wanke hannu, in soki gefen yatsa, ɗigo ɗaya ya isa. Uwar yara tana tsaye a kaina da buta a hannu, ba ta tafiya kicin sai lambar ta fito. Tsinken awon tsada gare shi, don haka ba kullum nake yin na bayan abinci ba, amma duk abincin da nake shakka na gwada shi awa biyu bayan na ci.

A nan na sha mamaki, mutumina. Na ɗauka da na bar sukarin shayi an gama. Ina! Wata safiya na sha koko ba ko ƙwayar sukari, da rabin burodin nan dogo, awa biyu na auna: 2.60. Washegari na ci ƙosai biyar da dafaffen ƙwai biyu da shayi tsura: 1.50. Ashe kokon da aka tace aka zubar da dusa, da farin burodi, gudu suke yi zuwa cikin jini. Wake kuwa tafiyar hawainiya yake. Tuwon masara malmala biyu da nake tashi da su da dare, su ne suke kwana suna yi mini aiki. Yanzu malmala ɗaya ce kamar dunƙulen hannuna, na dawa wanda ba a surfe shi ƙal ba, miya kuma ta fi tuwon yawa. Allah ya taimake ni damina ta kama, ganye ya yi arha: tafasa, rama, yakuwa, zogale, kuɓewa ɗanya. Kwaɗon zogale da ƙuli nake fara ci kafin in taɓa tuwo, kuma na ga bambanci a littafi. Kifin Lagdo gasasshe ya zama abokina. Fura ina sha, amma ƙwallo ɗaya, kindirmo ya fi yawa, ba sukari. Kuma in na ci na dare ba na kwanciya, sai in taka daga gida zuwa masallacin Juma'a in dawo, minti ashirin. Ranar da na yi tafiyar da ranar da na yi ƙyuya, lambar ba ta zama ɗaya, domin tsoka in tana aiki da kanta take zuƙe sukarin.

Kai kuwa da na sani, da lemon kwalba a kan tebur tun hantsi! Ƙaramar kwalbar nan ta baƙin lemo akwai sukari wajen giram 35 a ciki, kusan ƙwaya bakwai ke nan na 'yan kwali. Zuba ƙwaya bakwai a tafin hannunka ka kalla. Na ga hoton da ka sa a Facebook ranar sunan jikanka, babbar rigar ma ta kasa rufa maka asiri. Ko har yanzu baƙin cikin da Tunisiya ta cusa muku a filin ƙwallo na Rumde Ajiya a 2022 kake hucewa da shinkafar Kantin Kwari? Ban manta yadda ka fito daga filin ka ƙi cin tsiren da na saya maka ba.

Af, Dogo ya ƙara aure, ka ji? 'Yar Marwa ce, an ce ta fi shi tsawo. Shi ma fa yana da ciwon, shekara shida, bai taɓa gaya wa kowa ba sai da ya ga na ƙi karɓar shayinsa. Wata ranar Talata ya sha ƙwayarsa bai karya ba, ya hau babur zuwa Pitowa karɓar kuɗi, yana dawowa ya zube a bencin shagona, gumi na tsatstsafo masa, hannu na rawa, magana ba kan gado. Na auna shi da na'urata: 0.55. Ƙasa da 0.70 haɗari ne. Na jiƙa ƙwayar sukari uku a ruwa na ba shi, kafin kwata ya dawo daidai. Irin maganinsa yana iya faɗar da sukari in ba a ci abinci ba. Nawa metformin ne, shi kaɗai ba kasafai yake yin haka ba, amma tun ranar ba na rabuwa da ƙwaya uku a aljihu.

Abin da ya fi mini wuya ba yunwa ba ce, mutane ne. Goggo ta aiko mini da kunun gyaɗa cike da kwano, na kurɓa kaɗan na bar wa yara, labari ya koma mata, ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata. Sai da na je na durƙusa na nuna mata littafin. Ta yi shiru, ta ce ashe abin Baffanku ne, ta share hawaye. Yanzu danwake take aiko mini. Masu ba da magani kuwa ba a magana. Wannan ya ce sassaƙen maɗaci, wancan ya ce shuwaka, wani ya ce in koma zuma tunda ba sukari ba ce, wani ya ce acha ko alkama in ci iya cina. Zuma na gwada cokali biyu, ta ɗaga shi sarai. Acha ma hatsi ce, in ka cika kwano za ta yi maka abin da tuwo yake yi. Miyar shuwaka ina ci don ina sonta, amma ban ajiye ƙwayata ba ko na yini ɗaya, kuma duk abin da zan sha sai likita ya sani.

To ga albishir ɗin. Akwai awon da ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, domin yana manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuma kwana wajen 120 suke rayuwa, don haka ba a yi masa wayo da azumin kwana ɗaya. Shi da kashi cikin ɗari ake lissafa shi. A Afrilu nawa 9.8 ne. Yau 7.4. Likita ya ce ƙasa da 7 muke nema, amma ya miƙe ya ba ni hannu. Kilo shida na rage, idona ya washe, sau ɗaya nake tashi da dare. Na fito na zauna a ƙarƙashin dalbejiya na yi ta hamdala. An duba ƙafafuna lafiya lau, saura awon ido da na ƙoda a wata mai zuwa. Kowane dare ina duba tsakanin yatsun ƙafata da tocilan, kuma na daina yawo a tsakar gida ba takalmi. Azumi ne yake raina yanzu. Likita ya ce in zo wata guda kafin ya kama mu tsara shan magani, ya kuma ce duk ranar da sukarin ya faɗi ƙasa da 0.70 ko ya haura 3.00 in karya. Na tambayi Liman, ya ce lafiya ce gaba, kuma sukar yatsa ba ta karya azumi.

Kai ma ka haura arba'in da biyar, kuma Innarku da ciwon ta rasu. Don Allah ka je a duba ka, da safe kafin ka karya, ko ba ka jin komai. Ciwon yana iya yin shekaru a jiki bai yi motsi ba. Ka turo mini lambar da ta fito in gani da idona, ba na son "lafiya lau" ta baki.

Binuwai ta cika bana har ta shanye gonakin bakin gada, an ce dorina ta sake yi wa masu masara ɓarna. Auta ya ci jarrabawa, zai shiga lise, wato sakandare. Direban da zai kawo maka wannan ta Yola zai bi, ranar Lahadi zai juyo. In tsinken awo ya fi sauƙi a Sabon Gari ka haɗo mini kwali biyu, na sa tsohon kwalin a cikin ambulan don kada a ba ka wani iri, ka kuma duba ranar lalacewarsa. Uwar yara tana gaida Hajiya, ta ce turaren wutan ya ƙare.

Naka har kullum.